Sadaka ce ko biyan biki? Tunani a kan taimakon cimaka ga iyalan ƴan bida a shekarar korona

A cikin watan Afrilu na shekarar 2020, lokacin da makarantu suke rufe saboda annobar korona, mu wasu ƴan asalin ƙasar Afala mazauna birnin Tawa, yawancinmu malaman makaranta da ƙananan ƴan kasuwa, muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa muka sayi buhunan hatsi, da niyyar a kai ƙauye kafin azumi ya kama. Sayen hatsin bai ba mu wahala ba. Inda aiki ya cije shi ne ranar da muka zauna a zauren maigari domin rubuta sunayen gidajen da za a ba. Ni aka miƙa wa alƙalami, tun da ni ne mushe. Gidajen matan da mazansu suka rasu da na tsofaffi da na naƙasassu ba su ja wata gardama ba. Da aka iso kan wani gida wanda maigidan ya yi shekaru yana bida a Abijan, sai wani dattijo ya ce a tsallake shi, domin gida ne mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, kuma kowa ya san ana aiko musu. Wani ya ce tun da aka rufe iyaka ko dala ba ta shigo gidan ba. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe na rubuta sunan.

Ranar rabo, an kira sunan gidan har sau uku a bakin masallaci, babu wanda ya fito. Da marece na tafi da kaina. Na tarar da yara suna cin jiƙaƙƙen garin rogo, murhu kuwa babu alamar an hura shi a ranar. Na gaida uwar maigidan, na ce: «Inna, an neme ku ba a gan ku ba.» Ta ce da ni: «Mushe, in biki kuka zo biya, ai kun san ƙofar gidan. In kuwa sadaka ce, ku ba waɗanda suka fi mu buƙata.»

Tun daga ranar wannan magana take yi mini yawo a rai, kuma ita ce nake so mu duba tare da mai karatu. Abincin da al'umma take ba iyalin ɗan bida ranar da hanya ta toshe, sadaka ce ko kuwa biyan wani abu ne da yake kanta? Amsar tana da nauyi, domin ita ce take nuna wa za a ba da kuma yadda za a miƙa masa.

Kafin a amsa, ya kamata a tuna da matsayin bida a ƙasar Adar. Wanda ya san Afala da Barmu da Takanamat ya san cewa noman damana ɗaya a kan wannan ƙasa ta tsakuwa da rairayi da wuya ya ciyar da gida shekara guda. Saboda haka da zarar an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su kama hanya: wasu Abijan, wasu Najeriya ko Kamaru, wasu Libiya da Aljeriya. Mata da yara da tsofaffi su ake bari da gida. Abin da ɗan bida yake aikowa, ko ta gidajen aiken kuɗi ko ta hannun wani ɗan gari mai dawowa, shi yake cike giɓin da ke tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon hatsi. Da yawansu kuma suna komowa ne a bazara, wajen watan Mayu da Yuni, da kuɗin iri da na cimakar da za a ci a yi noma. A taƙaice, gidan Ba'adare yana da rumbu biyu, ɗaya a bayan ɗaki, ɗaya a ƙasar waje.

Annobar ta faɗo ne daidai kan wannan gaɓa. Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya ba da sanarwar rufe iyakokin ƙasa da filayen jiragen sama da makarantu, ranar 19 ga wata aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar, kafin ƙarshen watan kuma aka killace birnin Yamai. A Kwaddibuwa an kafa dokar ta-ɓaci ranar 23 ga Maris, aka hana yawon dare, aka rufe wuraren sayar da abinci, aka raba Abijan da sauran ƙasar. Mai tallan kaya a Ajame da mai sayar da garba a Abobo suka wayi gari babu ciniki, ga kuɗin haya yana jiran su. Iyakar Najeriya kuwa tun watan Agusta na 2019 take rufe, a Libiya ana yaƙi a kewayen Tarabulus. Ɗan bida ya rasa abin aikowa, ya kuma rasa hanyar dawowa, duk a cikin watannin da rumbun gida yake ƙarewa. Iyakokin ƙasa na Nijar ba a sake buɗe su ga matafiya ba sai a watan Yuni na 2021. Dattawanmu sun taɓa ganin irin wannan: yunwar 1984 ana kiran ta El Buhari, domin fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a wannan shekara. Mutanen da suka raɗa wa yunwa sunan wanda ya rufe iyaka sun fahimci inda abincinsu yake fitowa.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai na sassauci, kamar ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na lantarki na watannin Afrilu da Mayu, da sayar da hatsi a farashi mai rahusa ta hannun ma'aikatar OPVN, ƙungiyoyin agaji su ma sun yi nasu. Amma matar ɗan bida da take ƙauyen da babu famfo babu lantarki, kuma ba ta da kuɗin sayen buhu ko da an rage farashinsa, ta faɗa tsakani. Mijinta baƙo ne a inda yake, ba lalle a tuna da shi ba in ana rabo. Ita kuma a nan ana ganin ta matar mai hali.

To, amsa ta farko ga tambayarmu ita ce wadda dukanmu muka shiga zauren maigari da ita: sadaka ce. Babu mai raina sadaka. Addini ya kwaɗaitar da ita, kuma al'adar Bahaushe ta daɗe da haɗa ta da kawar da annoba. Masanin nan Bafaranshe Marcel Mauss, a cikin littafinsa Essai sur le don da ya fito a 1925, ya kawo Hausawa ne misali a inda yake bayanin asalin sadaka, inda ya ruwaito daga Tremearne cewa idan dawa ta nuna zazzaɓi ya yaɗu, ana neman tsari daga gare shi ta hanyar ba matalauta wani abu daga cikin dawar. Mu ma a 2020 mun ga an yi ta sadakar waina da fura domin Allah ya yaye cutar. Sai dai shi Mauss ɗin ya lura da wani abu da kowace tsohuwa a Adar ta sani ba tare da ta karanta shi ba, wato kyautar da ba a iya ramawa tana ƙasƙantar da wanda ya karɓa. Sadaka daga sama take gangarowa zuwa ƙasa. Mai karɓar ta ya amince a gaban jama'a cewa yana cikin waɗanda ba su da abin mayarwa. Ga wanda ya daɗe a wannan hali, raɗaɗin ya riga ya zama jiki, ko da yake bai gushe ba. Ga gidan da har jiya shi yake fitar da akushi zuwa maƙwabta, tsayawa a layi a bakin masallaci a kira sunansa da ƙarfi tonon asiri ne, kuma tonon asirin ɗansu ne da yake can nesa, domin gobe labari zai isa Abijan cewa uwar wane ta karɓi sadaka.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ya kuma nuna fifikon ɓoye ta, sa'an nan ya ja hankali ga mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Mun san waɗannan ayoyi, muna karantar da su, amma duk da haka mun jera buhuna a fili, wani daga cikinmu har ya ɗaga salula zai ɗauki hoto domin a aika wa waɗanda suka ba da kuɗi. Ana cewa da hanau gara mannau, kuma gaskiya ce mai yunwa ya fi son mai ba shi da gori a kan mai hana shi. Amma karin maganar tana auna mugaye biyu ne, ba ta yabi ko ɗaya ba.

Amsa ta biyu ita ce ta tsohuwar: biki ne. Mai karatu ya san abin da ake nufi da biki a ƙasar Hausa. Ranar sunanki ko auren ɗiyarki na kawo miki gudummawa, ranar nawa ki mayar mini har da ƙari, haka zumunci yake ta juyawa ba ya yankewa. Guy Nicolas ya yi dogon bincike a kan wannan a ƙasar Maraɗi. A cikin biki babu na sama babu na ƙasa, sai dai wanda yau tasa ce da wanda gobe tasa ce. Idan muka auna da wannan ma'auni, sai mu tambayi kanmu: me ƴan bida suka riga suka zuba a cikin ƙwaryar gari? Duk wanda ya zagaya ƙauyukan Adar ya ga masallatan da aka gina da kuɗinsu, da rijiyoyin da aka gyara, da azuzuwan da aka yi wa rufi. Su suke biyan lanho na gidaje da yawa. A yunwar 2005, lokacin da ake ta muhawara a Yamai a kan ko a raba abinci kyauta ko a sayar da rahusa, gidaje nawa ne a nan suka tsira da buhun da wani ya aiko daga kurmi? Kuma buhun nan ba a gida ɗaya yake ƙarewa ba, ana ɗiban tiya a kai wa gwaggo, a kai wa liman, a kai wa maƙwabciya. Matan da aka bari su ma suna da nasu kason. A aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu suka shuka itatuwa mata ne, domin maza suna bida. Har a cikin annobar kanta, Bankin Duniya ya yi hasashe a watan Afrilu na 2020 cewa kuɗin da ƴan ci-rani suke aikawa gida zai ragu da kimanin kashi 20 cikin ɗari a duniya, amma da aka yi lissafi bayan shekara sai aka ga raguwar ba ta kai ko kusa da haka ba. Dalilan suna da yawa, kuma ba kowace ƙasa ce ta tsira haka ba, amma ɗaya daga cikinsu shi ne mutanen da suka rage cin kansu domin kada gida ya kwana da yunwa.

Bisa ga haka tsohuwar tana da gaskiya. Hatsin da muka kai ɗan kaɗan ne daga cikin abin da garin ya ci na ɗanta. Mu ma da muke birni muna karɓar albashi, da yawanmu da kuɗin wani wa ko kawu ɗan bida aka saya mana littafi da takalmi.

Amma idan na tsaya a nan ban yi wa mai karatu adalci ba, domin wannan amsa tana da rami a cikinta. Biki lissafi ne, kuma lissafi yana fitar da wanda bai zuba ba. Akwai ɗan bidar da ya yi shekara goma ko wasiƙa babu, ya bar mata da ƴaƴa a wuyan dattijon ubansa. Akwai wanda ya tafi Libiya da bashi aka tsare shi, bai taɓa samun abin aikowa ba. Idan biyan biki ne kaɗai hujjarmu, to waɗannan gidaje, da suka fi kowa shiga uku, babu abin da suke bin mu. Sa'an nan akwai wasu da ba mu ko ambace su ba a zauren maigari, ni ma sai daga baya na tuna da su: baƙin da suke cin rani a cikin garin Tawa kanta, masu ga-ruwa da masu dako a tasha da leburorin gini da masu wankin takalmi, waɗansu da matansu da ƴaƴansu a cikin kangaye da bukkoki a gefen gari. Su ma aiki ya tsaya musu, su ma hanya ta toshe musu. Ba su gina mana masallaci ba, sunansu ba ya cikin littafin kowace ƙungiyar ƴan asalin gari. Abin da muke fatan mutanen Abijan su yi wa ɗanmu, mu ba mu yi wa ɗan wani da yake ƙofar gidanmu ba.

A nan ne na ga hikimar da ke cikin rabon zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu haƙƙi, a cikinsu akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. Ba a tambayar sa abin da ya taɓa yi wa garin da ya sauka, ba a kuma duban rufin ɗakin da ya baro. Halin da yake ciki yau shi ne hujjarsa. Kuma abin da ake ba shi haƙƙinsa ne da yake cikin dukiyar mai dukiya, mai fitarwa sauke nauyi yake yi. Iyalin ɗan bida a shekarar korona, ko da yake suna zaune cikin gidansu, guzurinsu ne ya yanke a hanya.

Ga inda tunanina ya tsaya. Tambayoyi biyu ne muka cakuɗa a zauren maigari. Ta farko: wa za a ba? Wannan yunwa ce take amsa ta, ba tarihin gida ba, ba kwano ba, ba kuma asalin mutum ba. Ta biyu: da wace fuska za a ba shi? Wannan kuwa maganar tsohuwar ce amsarta: da fuskar mai biyan abin da yake kansa. Mai biyan biki shi yake takawa zuwa gidan, ba ya kiran taro, ba ya ɗaukar hoto, ba ya jiran a yi masa godiya mai tsawo, yana ma jin nauyin cewa abin da ya kawo bai kai ba. Wannan ladabi ya dace da kowane mabuƙaci, har wanda bai taɓa ba mu komi ba, domin a ƙasar da kowane gida yake da wani a waje, babu wanda ya san a hannun wa ɗansa zai ci abinci gobe.

Na san abin da mai aikin agaji zai ce, kuma maganarsa abar saurare ce. Buhu kaɗan ne, gidaje da yawa, dole a zaɓa. Kiran suna a fili shi yake hana a ce maigari ya ba danginsa, hoto kuma shi yake gamsar da wanda ya ba da kuɗinsa cewa ba a ci ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun nuna yadda zaɓen waɗanda za a ba tallafi yake haifar da zargi a ƙauyukan Nijar, da yadda mutane sukan sake raba abin a tsakaninsu bayan masu rabo sun tafi. Ɓoye rabo gaba ɗaya ƙofa ce ta cin amana, wannan ba na musun sa. Sai dai ana iya bayyana lissafi ba tare da an bayyana fuskoki ba. A faɗa wa jama'a nawa aka tara, buhu nawa aka saya, gida nawa aka ba, a sa amintattu biyu ko uku su shaida, sunaye kuwa su tsaya a cikin littafi. Wajen zaɓe kuma, mun yi kuskuren da maza suka saba yi: mun zauna mu kaɗai muna auna gidaje da abin da ake gani daga waje. Matan gari sun san gidan da aka daina jin daka, sun san wadda ta sayar da akuyarta ta ƙarshe da wadda ta fara fitar da kwanonin aurenta. Da mun tambayi biyu daga cikinsu, da gardamar rufin kwano ba ta taso ba.

Abin da ya faru da gidan tsohuwar ba wani abin alfahari ba ne gare mu. Bayan sallar isha'i muka ɗora hatsin a amalanke, wata gwaggona ta raka shi, ta shiga ta ce saƙo ne daga ƴaƴan gari na Tawa, abokan wane. Tsohuwar ta karɓa, ta sa albarka. Washegari da safe, in ji gwaggon tawa, ta ɗebi tiya biyu ta aika gidan wata maƙwabciya wadda mijinta ya ɓace a hanyar Libiya, gidan da mu ba mu rubuta ba. Baƙin cikin garin Tawa kuwa, har aka buɗe makarantu a farkon watan Yuni ba mu kai musu komi ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Korona ta wuce, amma rufe iyaka bai wuce ba, mun sake ganin sa a 2023, kuma bida tana nan yadda take. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyinmu na al'adu da na ƴan asalin gari su yi shiri tun ana zaune lafiya: a ajiye wani abu a rumbun tsimi da sunan gidajen da guzurinsu zai yanke, a sa mata cikin masu zaɓe, a ware kason baƙo tun kafin a fara rabo. Mu malamai kuma muna da wata dama da wasu ba su da ita, domin ƴaƴan ƴan bida suna zaune a gabanmu kowace safiya, kuma yaron da aka daina aiko wa gidansu ana gane shi tun kafin ya buɗe baki. Idan muna koya musu kalmomin sadaka da kyauta da biki da zakka da ciyayya a darasin Hausa, mu tsaya mu nuna musu bambancin da ke tsakaninsu, mu tambaye su wacce suke so a yi wa uwayensu ranar da hanya ta toshe. Allah ya kiyaye mu da annoba, ya komo da matafiyanmu gida lafiya.